Katako a Kan Rairayi

A tashar Maigatari wata tsohuwa ta fara yi mini maganar. Motar Kano ta cika, mu kaɗai ake jira, Falmata kuma ta yi gaba ta tsaya kallon wani mai awaki. Na sa hannu a aljihu na ciro ƙwallon dabino na jefa. Ya same ta a kafaɗa. Ta ɗaga kafaɗun nan biyu har kunne kamar yadda ta saba, sannan ta juyo ta taho.

Tsohuwar ta leƙo ta tagar mota ta ce, "Bawan Allah, ƴarka ce ko akuyarka?"

Na ce, "Ƴata ce, Inna. Ba ta ji."

Ta ce, "Allah sarki," ta matsa mana wuri.

Ban ji haushi ba. A gidanmu a Gure, can ƙasar Nijar, haka kowa yake kiranta, har uwarta, kuma babu wanda ya taɓa ɗaukar abin a mugunta. Kana son yaro ya juyo, murya ba ta kai masa, yaya za ka yi? Tsakuwa za ta ji mata ciwo, ƙasa za ta shiga mata ido. Ƙwallon dabino ne mai sauƙi, kuma gidan mai sayar da dabino ba ya rasa shi.

Sunana Bukar. Dabino da kanwa nake saye a kwarin ƙasarmu in kai Najeriya. Ban gaji sana'ar ba, da jakin aro na fara, kuma tun da na fara ba a taɓa sayar mini da kanwa mai ƙasa a gindin buhu sau biyu ba. Falmata ce autarmu. Sanƙarau ya kama ta tana shekara uku, ta tashi da rai amma kunne ya rufe, ƴan kalmomin da ta iya kuma suka zube ɗaya bayan ɗaya. Lokacin wannan tafiya tana shekara tara. Abin da uwarta Yagana ta ce mini a ƙofar gida shi ne, "Malam, ka kai ta inda za a buɗe kunnen nan, ka dawo mini da ita. Ka ji ko? Ka dawo mini da ita." Na ce to.

A Kano gidan Alhaji Sabo muka sauka. Shi ne mai masaukina tun ina da jaki ɗaya. A sana'armu baƙo ba ya sayar da kayansa da kansa. Mai masauki ne yake ajiye kayan, ya nemo mai saye, ya tsaya maka, ya cire la'adarsa. Don haka na ɗauki maganar kunnen Falmata na aje masa a gaba kamar buhun dabino, na ce ya nemo mini inda ake gyarawa.

Ya fara tura mu babban asibiti. Muka yi ta zama a kan benci har aka kira mu. Likitar wata matashiya ce, ta sa wa Falmata wasu abubuwa a kai, ta daɗe tana duba na'urarta, sannan ta cire tabarau ta ce, "Baba, jijiyar ta mutu. Ko an sa mata abin ji ba zai yi amfani ba. Kada ka bari wani ya karɓi kuɗinka. Makaranta za ka nema mata."

Na yi godiya na fito. Da kunne ɗaya na ji ta. A kasuwa idan ka taya kaya aka ce maka albarka, ba a gama ciniki ba, farawa aka yi. Na ɗauka wannan ita ce albarkar farko, sai in matsa gaba in sake tayawa.

Alhaji Sabo ma haka ya ce. "Rabu da su, Malam Bukar. Waɗannan yaran boko abin da ke cikin littafi kaɗai suka sani. Akwai wani Dakta a cikin kasuwa, daga Indiya yake kawo kayansa. Ɗan wani abokina ma can aka kai shi."

Shagon Daktan yana can cikin wani lungu. Ƙasan shagon kwalaye ne jibge, sai wani tsani da kake hawa zuwa wani ɗan bene da aka yi da katako. Yana sanye da farar riga, yana da hotunan kunne a bango. Ya gaishe ni yana ce mini Alhaji, ya shafa kan Falmata, ya zaunar da ita a kan kujera ta juya masa baya. Ya ciro wani abu mai kama da wake a cikin akwati mai auduga, ya saƙala mata a bayan kunne. Ya koma can bayanta ya ce, "Alhaji, ka kalli ƴarka."

Ya tafa hannu.

Falmata ta juyo.

Ba ta ɗaga kafaɗa ba. Juyowa kawai ta yi, kamar kowane yaro da aka kira. Ya sake mayar da ita, ya sake tafawa, ta sake juyowa. Ni da na sayi raƙuma da dama, da nake buɗe bakin dabba in duba haƙori kafin in ce uffan, ban tambayi mutumin nan komai ba. Ko tayawa ban yi ba. Abin da ya faɗa na ba shi, kuɗin dabinon da na kawo ne gaba ɗaya. Da muka sauko na kira Yagana na ce mata, "Ta ji." Na ji guɗa a wayar, na ji maƙwabta suna shigowa.

A masauki na zaunar da ita a kan tabarma a tsakar gida, na koma bayanta na tafa. Shiru. Na matso na tafa har tafin hannuna ya yi zafi. Na kira sunanta. Tana can tana wasa da murfin kwalba.

Na koma wurin Dakta ya ce batir ne, na sayi wani. Ya tafa, ta juyo. Muka dawo masauki, shiru. Na sake komawa ya ce kunne ne bai saba ba, a ba shi lokaci, kuma akwai wani mai na ɗigawa. Na sayi man. Ana cikin haka kwanaki suna ta tafiya. Na sayar da kanwar da ta rage a kan asara don mu ci abinci. Kullum da safe Falmata takan ja yatsa a kumatunta daga sama zuwa ƙasa, wato tsagen fuskar uwarta, ta buɗe tafin hannu tana kallona. Sai in nuna mata arewa da haɓa. Ni ma arewan nake kallo. Garin nan ƙara ce ko'ina, ga warin kwata, ga mutane kamar fari. Ina tuna sanyin rairayin ƙofar gidana da asuba, da ƙanshin turaren wutar da Yagana take sawa a ɗaki. Wani lokaci ina kallon yarinyar nan tana tafiya a tsakiyar hayaniya hankalinta kwance, in ce ita ta huta.

Yagana kuwa duk kiran da ta yi magana ɗaya ce. "Tana ji har yanzu?" In ce, "Ana kan magani."

Komawar ƙarshe da na yi, sai na tafi da hankalin kasuwa. Kafin mu hau tsanin na cire abin daga kunnenta na sa a aljihuna, na ja mata ɗankwali ya rufe wurin. Na ce masa, "Dakta, sake gwada mini." Ya koma bayanta. Wannan karon ban kalli ƴata ba, shi na kalla, kamar yadda ake kallon mai sayar da raƙumi ba raƙumin ba. Da ya ɗaga hannu zai tafa sai na ga dunduniyar ƙafarsa ta dama ta tashi, ta sauka a kan katako daidai da tafin.

Falmata ta juyo.

Na ciro abin daga aljihu na aje masa a kan tebur. Ya kalle shi, ya kalle ni, ya ce, "Kaya idan ya fita shago ba ya dawowa, Alhaji. Kai ma ɗan kasuwa ne." Na ce, "Gaskiya ne." Na kama hannunta muka sauka. Ban ɗaga murya ba. Na nemi fushin a cikina ban same shi ba, kamar ka sa hannu a buhun da ka san da kaya ka tarar wayam.

Alhaji Sabo ya yi ta salati. "Wallahi Malam Bukar ni ma ban sani ba." Ban tambaye shi ko ya karɓi la'ada ba. Mai masauki ba ya kai baƙo ko'ina a banza, kowa ya san wannan. Na kwashe kayanmu na yi masa sallama da girmamawa.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Mutumin ya cuce ni, amma yarinyar ta juyo. Babu abin ji, babu ƙwallon dabino, ta juyo. Na yi ta juya abin a kaina ban gane ba.

A tasha muka zauna wurin wata mai abinci da ake kira Maman Ladi, ƴar wajen Jos. Na sayi shinkafa kwano ɗaya muka sa hannu tare. Falmata ta tashi za ta bi wata kyanwa, na sa hannu a aljihu na ciro ƙwallon dabino zan jefa. Matar ta riga ni. Ta buga ludayi a kan bencin da yarinyar take dafe da shi. Falmata ta juyo. Sai matar ta aje ludayin ta shiga yi mata wasu abubuwa da hannu, tana nuna baki, tana nuna tukunya, tana ɗaga gira. Falmata ta yi dariya. Rabon da in ji dariyarta tun Gure.

Na ce, "Baiwar Allah, me kika yi mata?"

"Ce mata na yi ta zo in ƙara mata nama. Kai ba ka magana da ita ne?"

"Ba ta ji."

"Na ga ba ta ji. Cewa na yi ba ka magana da ita?"

Ƙanenta kurma ne, in ji ta. Ya yi makarantar kurame a wani ƙaramin gari bayan Jos, yanzu tela ne, yana da mata da yara. Ƙanwarta Rahila kuma tana koyarwa a can. Maman Ladi ta zuba wa Falmata abinci a leda ta ƙi karɓar kuɗi, ta ce, "Motar Maigatari tana hagu, ta Jos tana dama. Ni ba ruwana, Baba, amma wadda za ka mayar gida haka, gobe ma jifanta za a yi."

Na shiga ta dama. Ba zan ce na yanke shawara ba ne. Ban san abin da zan gaya wa matar da ta riga ta yi guɗa ba, shi ya sa na ƙara nisa.

Hanyar hawa ce. Ƙasa ta koma ja, duwatsu suka fito manya kamar an jera su da hannu, sanyi ya shigo ta tagar mota. Falmata ta yi amai, wani soja da ke kusa da mu ya ba ta lemo ya kuma ba ta rigar sanyinsa, da zai sauka ya ce ta riƙe. A shingen hanya an sauke ni saboda takarduna na Nijar, aka tsayar da ni a rana ana jujjuya su har direba ya zo ya roƙa. Duk na ga waɗannan abubuwa kamar a jikin wani suke faruwa.

Makarantar tsohon gini ne mai rufin kwano, an ɗora shi a kan ginshiƙai. Malama Rahila ta tarbe mu, mace gajera mai saurin magana. Na bi ta muka hau matakala, sai na ji ƙasan yana amsawa a ƙarƙashin takalmina. Katako ne tun daga baranda har cikin azuzuwa. A aji na farko yara sun cika, babu muryar kowa, hannuwa ne kawai ke tashi ko'ina. Wani tsoho mai furfura yana gaban allo. Ya ɗaga ƙafa ya buga dunduniya sau ɗaya. Duk ajin suka juyo. Falmata da ke bakin ƙofa ita ma ta juyo.

Na ce, "Malama, wannan fa?"

Ta ce, "Ba da kunne suke ji ba, a jiki suke ji. Katako yana kai bugu. Ba ku yi mata haka a gida?"

Na ce, "Mu rairayi gare mu."

A Gure ko raƙumi ya buga ƙafa ƙasa shanyewa take. Ɗakunanmu rairayi ake zubawa, tsakar gida rairayi, masallacin unguwa rairayi. Shekara shida yarinyar nan tana da ƙofar da za a ƙwanƙwasa mata, mu kuma muna zaune a ƙasar da ba ta ƙwanƙwasuwa. Ɗan damfarar Kano ya san haka, ni ban sani ba.

Tsohon nan sunansa Baba Dauda, shi ma kurma ne. Da aka tashi muka zauna a baranda, yana magana da hannu Malama Rahila tana mayar mini da Hausa. Ya ce ginin ma'ajiyar masu haƙar kuza ce a da. Wasu kurame manya da suka yi karatu a kudu ne suka roƙa aka ba su, kuma saboda katakon suka zaɓe shi. Yana cikin yaran farko. A lokacin, in ji shi, gida-gida suke bi suna tambaya ko akwai kurma, a ce babu, alhali yaron yana bayan rumbu an ɓoye shi. Hukuma ta ce ba za ta kashe alli a kan wanda ba ya ji ba. Sun yi ta zuwa ofis-ofis har aka gaji da ganinsu. Yanzu akwai doka, an ce kowane yaro yana da haƙƙin karatu, mai ji da marar ji. Ya yi murmushi ya yi wata alama. Malama ta ce, "Ya ce dokar tana da baki amma ba ta da ƙafa. Sai iyaye sun ɗauko yaron da kansu."

Yara sun riga sun kewaye Falmata a fili. Na ga suna ta ɗaga kafaɗa suna nuna ta. Malama ta ce suna suka raɗa mata, haka suke yi wa kowane baƙo, da abin da suka fara gani a jikinsa. Baba Dauda ya kalli yaran, ya kalle ni, ya tambaya da me muke kiranta a gida. Na ciro abin da ke aljihuna na buɗe masa tafin hannu. Ya ɗauki ɗaya ya jujjuya. Na zaci faɗa zai yi. Sai ya taɓa ƙeyarsa.

"Ya ce su a garinsu totuwar masara ce. Ya ce taku ta fi sauƙi."

Ya miƙo hannu, na juye masa su duka. Ya ce zai shuka. Na ce ta gaya masa dabino ba ya haihuwa a ƙasa mai sanyi haka. Ya ce ya sani.

Na yi kwanaki ina duba makarantar kamar yadda nake duba kaya. Na shiga madafa na ɗanɗana abincin. Na ga ɗakin kwanan ƴan mata da matar da ke kwana da su, na tambayi wa ke riƙe da makulli. Na tambayi salla, aka nuna mini ɗakin da yaran Musulmi suke yi da malamin da ke zuwa yana koya musu alwala da hannu. Abincin ba shi da mai sosai, barguna sun tsufa, rufin yana yoyo a kusurwa. Ba kaya ne mai kyau ƙwarai ba, amma babu ƙasa a gindin buhun. Falmata kuma ta daina jan yatsa a kumatu da safe. Tana farkawa take jan hannuna mu tafi.

Na kira Yagana. Na ce, "Ba ta ji ba. Ƙarya aka yi mini, ni ma na gaya miki. Ba za ta ji ba har abada."

Sannan ta ce, "To ku taho gida."

"Zan bar ta a makaranta."

"Malam, me na ce maka a ƙofar gida?"

"Na tuna."

"Ƴar da ko sunanta ba ta iya faɗa ba? In an yi mata wani abu wa za ta gaya wa?"

Na ce, "A gida ma wa take gaya wa?"

Ta kashe wayar.

Ranar da zan tafi tana cikin aji, ta ba ni baya, tana kwaikwayon hannun wata yarinya. Na tsaya a bakin ƙofa. Na ɗaga ƙafa na buga. Duk ajin suka juyo, ita ma a cikinsu. Na kira ta ta amsa, ga shi ba ni da abin da zan ce mata, don ban iya ko kalma ɗaya da hannu ba. Na ɗaga hannu kawai. Ta kalle ni, ta nuna arewa da haɓa, na gyaɗa kai. Ta koma kan abin da take yi. Na sauka matakala na je na nemi mota. A hanya na ci abinci, na yi sallolina, na yi cinikin wani buhun citta da na ga zai yi riba a Damagaram.

Da na isa Gure Yagana tana tsaye a zaure. Ta kalli bayana, ba ni ta kalla ba. Ta shige ciki. Ta ci gaba da dafa mini abinci tana ajewa, amma magana ta ɗauke tsakaninmu har aka yi girbi. Ƴan'uwanta suka zo suka ce na kai ƴar mutane ƙasar da ba a sani ba na zubar. Ban musa ba.

Ciniki na farko da ya faɗa mini, katako na saya a Damagaram na ɗoro a kamiyo, babbar motar kaya. Na kira kafinta ya kafa turaku a tsakar gida, ya shimfiɗa shi tun daga ƙofar ɗakin Yagana har madafa. Maƙwabcina ya leƙo ta katanga ya ce, "Malam Bukar, mutane na gina bene sama, kai ka kwantar da naka ƙasa?" Na ce haka ake yayi a Najeriya. Yagana ba ta tambaya ba. Zagaye shi take yi ta bi ta rairayi.

Da aka yi babban hutu na je na ɗauko ta. Ta yi tsawo, ta rame kaɗan, tana sanye da rigar sanyin sojan nan a zafin Gure. Washegari da hantsi tana zaune a kan katakon tana tsince dabino a faifai, ta ba ɗakin uwarta baya. Yagana ta fito tana son kiranta. Na ga hannunta ya tafi kan ƙwaryar da ake tara ƙwallaye a bakin ƙofa. Ya tsaya a can. Ta janye shi. Ta hau katakon, karo na farko, ta buga ƙafa a hankali kamar mai tsoron tada barci. Yarinyar ba ta motsa ba.

Na ce, "Da dunduniya."

Ta buga da dunduniya.

Falmata ta juyo, kafaɗunta suna inda Allah ya aje su. Ta kalli uwarta, ta ɗaga hannu ta yi wata magana mai tsawo, ta tsaya tana jiran amsa.

Yagana ta juyo gare ni ta ce, "Malam, me ta ce?"

Na ce, "Ban sani ba."

Ta zauna a kan katakon kusa da ita, ta miƙa mata hannuwanta biyu. Yarinyar ta kama su ta fara lanƙwasa mata yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ranar kasuwa ce, masu kanwa sun iso tun safe suna jirana. Na ɗauki hulata na fita ta kan rairayi don kada in sa su juyowa.